'Yar Wuta ko 'Yar Ruwa: Kwana Uku a Kan Tamar Kiruna

Muna yara, idan ruwa ya ɗauke kwari ya janye, akwai wani wasa da ba ya bukatar komai sai mataccen rediyo. A fasa lasifikarsa a ciro zoben maganaɗisun nan, a ɗaura masa zare, a riƙa jan sa cikin yashin da ruwa ya shimfiɗe. Kafin ka yi taku ashirin ya yi gemu: wani baƙin gari ya manne masa, ya miƙe cirko-cirko kamar ƙayar bushiya. Mu share cikin gwangwanin madara, mu sake ja. Sai da na yi furfura sannan na san cewa mafi yawan garin nan tama ce mai suna magnetait, kuma akwai inda Allah ya tara ta dutse guda, har mutane suka kafa gari a gefenta.

Ɗan ƙanwata ne ya ja ni can. Yana karatun ilimin duwatsu a Suwidin, da na je masa ziyara a watan Yuni ya ce, "Kawu, ba za ka koma gida ba sai ka ga Kiruna." Muka shiga jirgin ƙasa na dare daga Istokholm. Tafiyar ta fi awa 15, kuma kusan dukanta daji ne: dogayen itatuwa masu ganye kamar allura, wasu masu farin jiki, tafki bayan tafki. Yadda muke yin arewa haka itatuwan ke gajarta, har suka koma kamar sabara. Kiruna tana wajen kilomita 145 arewa da da'irar Aktik, kuma daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli rana ba ta faɗuwa a can. Takan sauko kamar za ta yi sallama, ta bi gefen sama a kwance, ta sake hawa. Magariba da isha'i da asuba da agogo muka yi su, muna bin lokutan garin da ya fi kusa wanda rana ke faɗuwa a cikinsa, kamar yadda malamai suka ba da fatawa.

Kafin ka ga gari, dutsen kake fara gani. Sunansa Kiirunavaara, asalin kalmar daga harshen Sami, mutanen da suka riga kowa zama a wannan ƙasa. Giron suke kiran wani tsuntsu dangin makwarwa da ke komawa fari fat idan ƙanƙara ta sauka. Dutsen ba shi da kan da aka halicce shi da shi. An sare ƙololuwar tun zamanin da ake haƙa a buɗe, an jera tarkacen hawa-hawa a jikinsa kamar matakala, baƙi-baƙi, toka-toka. An kafa kamfanin LKAB a 1890, garin kuma a 1900, ƙarƙashin jagorancin Hjalmar Lundbohm, wanda shi kansa masanin duwatsu ne. Yau wajen kashi 80 cikin 100 na tamar da ake haƙowa a Tarayyar Turai daga hannun wannan kamfani take fitowa, daga nan da kuma Malmberget da Svappavaara.

Washegari muka shiga motar masu ziyara. Aka ba mu hular kwano, motar ta nufi wani baki a gindin dutse, hasken rana ya yanke kamar an hure fitila. Titi ne mai kwalta, da alamomin hanya, da mararraba, yana gangarawa yana murɗawa. Aka sauke mu a mataki na 540, wato mita 540 ƙasa da inda tsohon kan dutsen yake. Ainihin aikin yana can ƙasa sosai: babban matakin jigila yana mita 1,365, inda jiragen da ba su da direba ke kwasar tama zuwa injinan niƙa.

A nan ɗana ya miƙo mini wani guntu da bai fi dunƙulen hannu ba. Hannuna ya sauka da kansa, don idona ya auna dutse, abin da na karɓa kuwa ya kusan ninka wannan nauyin. Baƙi ne mai ɗan sheƙi, ƙwayoyinsa ƙanana a cure, da wasu siraran jijiyoyi masu haske a jikinsa. Na fito da ɗan kamfas ɗin da nake neman alƙibla da shi a tafiye-tafiye, na kusanta shi. Allurar ta saki arewa ta bi dutsen, ina juya shi tana juyawa. Da irin wannan allura mutanen Suwidin suka yi ƙarnoni suna farautar tama a dazuzzukansu: inda ta karkata ta duƙa, a nan ake sa diga.

Tamar tana kwance ne kamar wani katafaren allo da aka soka cikin ƙasa a karkace. Tsawonsa wajen kilomita 4, kaurinsa kimanin mita 80, kuma ramukan bincike sun bi shi har zurfin kilomita 2 ba su ga ƙarshensa ba. Tsantsar magnetait, idan ka auna, kashi 72 cikin 100 na nauyinta ƙarfe ne, sauran oksijin. Tamar Kiruna ta haura kashi 60 tun ba a tace ta ba. Na tuna tamar Itakpe ta jihar Kogi, wadda aka tanada domin Ajaokuta: ita wajen kashi 35 take, sai an niƙe an tace kafin ta yi amfani. Siraran jijiyoyin nan masu haske kuwa afatait ne, ma'adinin da ke ɗauke da fosfaras. Shi ya hana tamar daraja shekaru masu yawa, domin fosfaras yana sa ƙarfe ya yi gautsi. Sai da Sidney Gilchrist Thomas da Percy Gilchrist suka fito da dabarar cire shi a Birtaniya a 1878, aka kuma shimfiɗa layin dogo ya isa tashar ruwa ta Narvik a Norwe a 1902, sannan dutsen ya zama dukiya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne iyaka. A sama da ƙasan allon akwai duwatsun aman wuta, masu shekaru kusan biliyan 1.9, kuma a wurare da yawa inda tama ta ƙare suka fara a yanke yake, kamar an sa wuƙa. Na tambayi yaron yadda aka yi ƙarfe mai yawa haka ya taru wuri guda, ya ware kansa tsaf. Ya yi dariya ya ce, "Kawu, ka taɓo rigimar da ta fi shekara 100."

Da muka fito muka zauna a wani benci da ke kallon dutsen, da shayi a fulas. Agogo ya ce goman dare, rana ta ce la'asar sakaliya. A nan ya warware mini zancen.

A 1910 wani matashin masani, Per Geijer, ya rubuta cewa tamar 'yar wuta ce: narkakke ce ta taso daga cikin ƙasa, ta daskare kamar dalma a tukunyar maƙeri. A 1975 Tibor Parák, wanda ya yi shekaru yana aiki a kan duwatsun yankin, ya ce a'a, 'yar ruwa ce: maɓulɓulai masu zafi ne suka riƙa feso ƙarfe a ƙasan teku yana kwantawa. Wasu kuma suka ce ruwan zafi mai gishiri ne ya ratsa duwatsun da ke wurin, ya cinye su sannu a hankali ya ajiye ƙarfe a gurbinsu. Masu ƙin zancen wuta suna da hujja mai ƙarfi: tsantsar magnetait ba ta narkewa sai wajen digiri 1,590 a ma'aunin Salsiyos, alhali aman duwatsun da muke gani a yau da wuya ya wuce 1,200. Masu zancen wuta su kuma suna da El Laco. Wannan wani dutse ne mai aman wuta a tsaunukan Andes na ƙasar Cile, a tsayin wajen mita 5,000, inda Charles Park ya bayyana a 1961 cewa ya ga baƙar tama shimfiɗe a gangare kamar ta kwararo jiya, da ramukan kumfa a jikinta. A 1994 Jan Olov Nyström da Fernando Henríquez suka jera siffofin El Laco kusa da na Kiruna suka ce uwa ɗaya ta haife su. A 2002 Richard Sillitoe da David Burrows, bayan sun hau wannan dutsen dai, sun duba waɗannan ramukan dai, suka ce aikin ruwan zafi ne. Ido ya kai iyakarsa ke nan. Mutane biyu masu ilimi da gaskiya sun dubi abu ɗaya, kowa ya ga nasa.

Daga nan aka koma ga ma'auni, kuma wannan ɓangaren ne ya sa na manta da shayina har ya huce.

Ƙwayoyin zarrar ƙarfe, in ji shi, ba duka nauyinsu ɗaya ba. 'Yan ɗaki ɗaya ne su huɗu, kamanninsu ɗaya, halinsu ɗaya, kowace tana da furoton 26, sai dai yawan niyutiron da ke cikinsu ya bambanta. Su ake kira aisotop. Akwai mai lamba 54, da 56, da 57, da 58. Idan ka ɗebi ƙwaya 1,000 daga fartanyarka ko daga jinin jikinka, wajen 918 masu lamba 56 ne, 58 masu lamba 54, 21 masu lamba 57, ragowar 3 masu lamba 58. Wannan rabon kusan ɗaya yake ko'ina a duniya. A cikin "kusan" ɗin nan dukan labarin yake.

Na ce ya yi mini da Hausa. Ya ce, "Kawu, ka san shiƙa." Mace ta ɗaga ƙwarya ta zubo gero, iska ta ɗauki mai sauƙi ta kai shi gaba, mai nauyi ya zube kusa da ƙafarta. Duk lokacin da ƙarfe ya tashi daga wani mazauni zuwa wani, daga dutse zuwa ruwa, ko daga ruwa zuwa ƙwayar ma'adini, ana yi masa irin wannan shiƙar, 'yar kaɗan ƙwarai. Masu nauyi sun fi son inda aka riƙe su gam, wato wurin ƙarfe mai cajin lantarki 3. Masu sauƙi sun fi bin ƙarfe mai caji 2, wanda shi ruwa ya fi iya ɗauka ya yi tafiya da shi. Magnetait kuwa ta haɗa duka biyun, ɗaya mai caji 2 da biyu masu caji 3 a kowane rukuni, shi ya sa ta zama shaida mai kyau. Sannan zafi yana kashe shiƙa. A cikin narkakken dutse ƙwayoyin suna rawa da ƙarfin da ɗan bambancin nauyin nan ba ya tasiri sosai, don haka magnetait ɗin da ta fito daga wuta tana zama a cikin wani ƙunƙuntaccen zango. A ruwa mai sanyi-sanyi shiƙar tana yin nisa, awon ya warwatsu, sau da yawa ya karkata wajen masu sauƙi.

Yadda ake awon ma abin a tsaya a ji ne. A kankaro ɗan garin da bai kai ƙwayar gero ba, a narkar da shi a ruwan asid, a bi da shi ta wani siririn bututu mai cike da ƙwayoyin roba da ke riƙe ƙarfe su saki sauran ma'adinai. A fesa tsantsar ruwan ƙarfen cikin harshen wutar iskar argon mai zafin dubban digiri, ƙwayoyin su fito a guje, wani babban maganaɗisu ya lanƙwasa hanyarsu. Masu sauƙi sun fi lanƙwasuwa, don haka kowane aisotop yana faɗawa cikin nasa ƙoƙon a ƙirga shi. Har da wani ɗan sojan gona: argon mai nauyin 40 idan ya haɗu da oksijin mai 16 sun zama 56, daidai da ƙarfen da ake nema, sai injin mai kaifin gani ne ke raba su. Kowane samfuri ana auna shi ne tsakanin awo biyu na wani ƙarfen ma'auni da duniya ta yarda da shi, IRMM-014, kamar yadda mai awon kirki ke komawa ga mudun sarkin kasuwa. Bambancin da ake nema bai kai kashi 1 cikin 1,000 ba. Magnetait 'yar wuta tana fin ƙarfen ma'aunin nauyi da abin da ya kama daga 0.06 zuwa 0.49 cikin 1,000. Na daɗe ina juya wannan a raina: allo mai tsawon kilomita 4, kuma asirin haihuwarsa yana cikin lamba ta biyu bayan ɗigo.

Ba a barin ƙarfe ya yi shaida shi kaɗai, ana haɗa shi da aisotop na oksijin, wanda aka daɗe ana aunawa. Amma oksijin yana da rauni: ruwan da ya ratsa dutse daga baya cike yake da nasa oksijin, yana iya musanya shi ya ɓata sawun. Ƙarfen da ke cikin tama ya fi wanda ruwa zai iya kawowa yawa nesa ba kusa ba, saboda haka sauya shi yana da wuya. Idan shaidun biyu suka faɗi magana ɗaya, alƙali ya samu abin riƙewa.

A 2019 Valentin Troll na Jami'ar Uppsala da abokan aikinsa suka buga sakamakon irin wannan awo a mujallar Nature Communications. Sun tattaro magnetait daga Kiruna da Grängesberg a Suwidin, da El Laco, da yankin Bafq na Iran, suka gwada da samfuran da ba a jayayya a kan asalinsu. Wajen kashi 80 cikin 100 suka faɗa zangon wuta, na zafin da ya haura digiri 800. Sauran kashi 20, galibi waɗanda ke cikin jijiyoyi ko a warwatse cikin duwatsun gefe, suka yi daidai da na ruwan da bai wuce digiri 400 ba. Geijer ya yi gaskiya a kan gangar jikin tamar. Masu zancen ruwa su ma ba mafarki suka yi ba: ruwan ya zo, amma daga baya, ya yi aikinsa a gefe-gefe.

Abin da ya ƙara mini ganin girman aikin shi ne yaron bai ce an gama ba. Awon ya faɗi zafin da aka haifi tamar a cikinsa, bai faɗi yadda ta taru ba, kuma a nan malaman sun sake rabuwa. Wasu sun ce narkakken dutsen ne ya rabu gida biyu, kamar yadda mai ke fita daga tunkuza idan ana matsar gyaɗa, ɗaya mai yawan ƙarfe da fosfaras, ɗaya mai yawan sinadarin yashi. Fosfaras da ruwa suna saukar da zafin narkewar, kuma an ga irin wannan rabuwa a gwajin ɗakin bincike. Wasu kuma, Jaayke Knipping da Adam Simon da abokansu, sun kawo wata hanya a 2015 daga mahaƙar Los Colorados ta Cile. A nasu bayanin ƙananan ƙwayoyin magnetait ne ke fara fitowa cikin narkakken dutsen, kumfar ruwan gishiri ta manne musu, ta ɗago su sama duk da nauyinsu, kamar yadda gora ke ɗaukar mai ninƙaya, har su taru a tsagar ƙasa su ci gaba da girma daga ƙarfen da ruwan ke ɗauke da shi. A 2019 suka ba da rahoton cewa sun auna ƙwaya ɗaya ɗaya da hasken leza, daga cibiya zuwa baki, suka tarar cibiyar ta fi nauyi, bakin ya fi sauƙi. Ƙwaya guda, cikinta 'yar wuta, fatarta 'yar ruwan da wutar ta haifa. Ni dai wannan bayanin ya fi kwanta mini, domin ya ba kowane ɓangare na tsohuwar rigimar wurin zama. Ɗana ya fi karkata ga na farkon idan ana zancen Kiruna ita kanta, saboda iyakar nan mai kama da yankan wuƙa.

Bayan ƙarfe ɗayan dare, ina kwance labule a rufe don hana rana shigowa, na ji ƙasa ta yi wata gajeriyar girgiza, kofin da ke kan tebur ya amsa. Nakiyar mahaƙa ce, kowane dare a wannan lokacin ake tayar da ita, sa'ad da mutane suka ragu a ƙasa.

Da safe muka zaga tsohon gari, a nan kuma karkatar allon nan ta daina zama zancen littafi. Gabas ya karkata, wato ƙarƙashin gari. Ana cire tama daga ƙasa, dutsen da ke samanta yana zubawa ya cike gurbin, ƙasar da ke can sama tana tsagewa tana zaftarewa, kuma duk zurfin da aka ƙara tsagar tana matsowa. A 2004 aka sanar cewa dole tsakiyar gari ta tashi. An gina sabuwa wajen kilomita 3 gabas, da sabon zauren majalisar gari da aka buɗe a 2018. A lissafin farko kimanin mutum 6,000 ne za su bar gidajensu. Mun bi unguwannin da aka riga aka rushe aka mai da su filin ciyawa, an bar layin tubali a ƙasa yana nuna inda ɗakuna suke. Wata dattijuwa da karenta ta tsaya a cikin ɗaya daga waɗannan murabba'ai, ta daɗe, ba mu yi mata magana ba. Cocin garin, jan ginin katako na 1912 mai siffar bukkar Sami, tana nan a kan tudunta lokacin da muka je. A ranakun 19 da 20 ga Agustan 2025 aka ɗora ta ɗungurungum a kan tayoyi, tan 672, aka yi tafiyar kilomita 5 da ita.

Akwai kuma waɗanda ba gida za a ɗauke musu ba, hanya ce. Makiyayan Sami suna kora garkunan rendiya, dabbar nan mai ƙaho reshe-reshe, daga tsaunuka zuwa daji da hunturu su komo da bazara, kuma mahaƙa da titi da layin dogo sun riga sun matse burtalin. Duk wanda ya tashi a inda gona ke cin burtali ya san abin da wannan ke nufi ga mai dabba. A Janairun 2023 kamfanin ya sanar da wata babbar ajiya arewa da gari, mai ɗauke da fiye da tan miliyan 1 na ma'adinan nan da ba a cika samu ba, waɗanda ake yin maganaɗisun motocin lantarki da su. Suna cikin afatait ne, jijiyar nan mai haske da ta taɓa zama aibin tamar. Ajiyar tana kan ragowar hanyar makiyayan Sami na Gabna, kuma sunan Per Geijer aka sa mata.

Ranar komawa muna tsaye a tasha jirgin tama ya wuce zuwa Narvik. Na ƙirga tarago 68, kowanne da tan 100, sanyi na fitowa daga jikinsu. Mafi yawan abin da ke ciki 'yan dunƙule ne kamar ƙwallon yara na gilashi: an niƙe tamar, maganaɗisu ya tsince ta daga tsakuwa kamar yadda muke yi a kwari, an mulmula, an gasa a wuta mai zafin fiye da digiri 1,200. Wurin gashin magnetait tana shan oksijin ta koma wata tamar daban mai suna hematait, tana kuma ba da nata zafin, abin da ke rage wa masana'antar man da za ta ƙona. An ba mu 'yan kaɗan a mahaƙa, suna cikin aljihun rigata. Na ciro ɗaya na kusanta shi da kamfas ɗin alƙibla. Allurar ta ɗan motsa, ta koma arewa ta tsaya.